Yadda Asirin Malam Bushi Ya Tonu a Madina

Tun da muka dawo daga Madina ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har a wajen niƙa wata ta riƙe mini mayafi wai sai na ba ta labari. Na kuma lura ba labarin ibada kuke nema ba, don wannan kusan kowa ya ji shi a bakin wani, Allah dai Ya karɓa mana. Abin da ke cin ku shi ne, wai da gaske ne an ga Baba yana rawa a can? To, shi dai har gobe bai yarda rawa ya yi ba. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, ku yanke hukunci da kanku, ni ma in samu in sha ruwa.

Dole in fara da Malam Bushi, saboda ƙananan cikinku ba su san shi ba. Lokacin muna firamare, da an gama girbi ciyawa ta bushe, sai samari su bi daji da ashana suna cinna wuta don su koro gafiya da zomo. Wuta ta ci daji, ta ci amfanin gonar da ba a kwashe ba, wani lokaci har da ruga. Sai ma'aikatar gandun daji ta fito da dabara. Aka yi wata bushiya mai tsayin mutum, da malfa a ka, da ɗanyen reshe na kashe wuta a hannu, aka sa mata suna Malam Bushi. Ana ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota mai lasifika, ana bi makaranta makaranta. Ya diro, ya yi tsalle, ya dunƙule a ƙasa kamar wuta ta taso masa, yara suna tafi suna cewa, "Kar ka kyasta, kar ka kyasta, daji gidan Bushi ne."

Abin da yara ba su sani ba, mu ma 'yan gida aka ja mana kunne a kai, shi ne Babanmu ne a ciki. Ma'aikacin gandun daji ne, gajere mai jiki, rigar ta zauna masa daram. Innarmu ce ma ta ɗinka ta da buhu, ta jera mata tsinkayen tsintsiya a baya. Yau Baba ya haura saba'in, gemu ya yi fari, shi ke jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan. Ka kuskura ka ce masa Malam Bushi, to ka nemi gidan da za ka ci tuwo.

Tun rasuwar Inna ya rage magana. Yaya Auwalu, wana da ke aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Madina, ya yi ta roƙonsa ya zo ziyara ya huta, shi kuma yau ya ce kaji, gobe ya ce masallaci. Abin da ya taso shi a ƙarshe shi ne Ummi, 'yar Yaya da aka sa wa sunan Inna. A can aka haife ta, Baba bai taɓa ganinta ba sai a waya. Ni aka ɗora wa rakiya, mai riƙe fasfo da maganin hawan jini.

Rigimar farko tun a gida muka yi ta. Baba ya kafe sai ya tafi wa jikarsa da zuma, ba kuma ta kanti ba, ta amya, a cikin galan. Na ce za ta zube. Ya ce shi ya ɗaure bakin da kansa, kuma ya fi ni sanin zuma tun ba a haife ni ba. Muka kama hanyar Kano da galan a tsakiyar manyan rigunansa.

A Jidda muka sauka. Wajen duba fasfo ni na wuce salin alin, Baba kuwa na'ura ta ƙi karanta yatsunsa. Jami'in, wani matashi mai haƙuri, ya shafa masa wani ruwa, ta ƙi. Ya nuna masa ya goga yatsa a goshi, ta ƙi. Baba ya juyo ya ce mini, "Rabi, gaya wa yaron nan abin da yake nema gatari da fartanya sun cinye shi tuntuni." Larabcina bai wuce na Islamiyya ba, don haka murmushi kawai na yi. Da ƙyar ƙaramin yatsa ya cece mu. Muna isa wajen ɗaukar kaya na hango akwatin Baba yana tahowa yana sheƙi. Ashe zumar ta zube. Baba ya matsa kusa. Ya dai sa yatsa ya lasa, ya ce, "Ai kin ji, mai kyau ce."

Yaya yana bakin aiki ranar, sai ya turo abokinsa ya ɗauke mu. Sunansa Bakur, kowa na ce masa Ammu Bakur. Ɗan ƙasa ne, haifaffen unguwar Harra ta Gabas a Madina, amma kakansa daga ƙasar Haɗeja ya tako da ƙafa zuwa aikin Hajji, bai koma ba. Dogo ne baƙi, da farar jallabiya da jan ƙyalle a ka, Hausarsa kuwa kamar fate, komai akwai a ciki.

"Lale, lale, ya Ammi! Kaif hanya? Kun yi ta'ab? Yalla, sayyara tana barra."

Baba ya raɗa mini, "Me ya ce?"

"Ya ce mota tana waje."

"To ya ce mota mana."

Kafin mu yi nisa sun saba. Bakur yana da wasu tsofaffin kalmomi da ya gada a bakin kakansa, waɗanda ni ma sai Baba ya fassara mini. Hanya kuwa doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba shingen da za a tsayar da kai a ce ina takarda. Ba kuma mai tallan gyaɗa ko rake, abin da ya sa na ji yunwa tun ba ta zo ba. Da muka shiga tsakanin duwatsu Bakur ya tsaya a wani wurin hutawa ya sayo mana tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi. Yana fita ya ce, "Kar ku buɗe shubbak, akwai guruud."

Ba mu san guruud ba sai da muka gan su. Bika ne, wato gwaggon biri, garke guda, manya da ƙanana, sun sauko daga dutse suna bin motoci. Baba yana ganinsu ya sauke gilashi har ƙasa. Bakur na miƙo mini ledar gurasa ta taga, wani ƙato mai furfura a kafaɗa ya yi wuf ya fizge, ya haye kan motar, ya zauna yana ci yana kallona kamar ni na zo masa baƙunta. Na ƙwalla ihu. Baba kuwa dariya, har da hawaye, har da buga cinya. Rabon da in ji wannan dariyar tun Inna na da rai.

"Kin ga dabba mai 'yanci!" in ji shi. "Ba mai kulle shi, ba mai ba shi umarni."

"Gurasata ce 'yancin nasa, Baba."

Gidan Yaya a unguwar Ƙurban yake, ba nisa da masallacin Ƙuba, a saman bene. Gida ne mai kyau, sai dai ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka shimfiɗa tabarma ka ga mai wucewa. Baba ya zagaya ɗakunan, ya leƙa taga, ya dawo ya tambayi Yaya, "To ina ake shan iska?" Yaya ya nuna masa na'urar sanyaya ɗaki. Baba ya ce, "Keji dai, amma mai sanyi." Ga shi duk rigunansa suna wajen wanki saboda zuma, dole ya sa jallabiyar Yaya, shi kuwa Yaya dogo ne irin dangin Inna. Haka Baba ya yi ta yawo yana tattare riga kamar mai tsallaka rafi.

Abinci bai ba mu wahala ba, sai dai shinkafa ta yi mana yawa. Rana shinkafa, dare shinkafa, sunan ne kawai ke canzawa. Da safe tamis da wake dakakke da man zaitun, da shayi mai na'ana'a wanda har yanzu nake kewarsa. Gahawarsu kuwa fara ce, a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ranar da Bakur ya kai mu gidansa, ɗansa yana zubawa Baba yana shanyewa yana miƙa kofi don a karɓa, shi kuma yana ƙara masa. Ashe sai ka girgiza kofin ake gane ka ƙoshi. Baba ya sha har idonsa ya ƙi rufuwa a lokacin ƙailula. Da yamma Bakur ya fanshi kansa, ya zaga da mu cikin lungunan Harra ya sayo mana tsire, da ƙuli da yaji, su a can suna ce masa sire. Baba ya ci, sannan ya ce, "Wannan kam kakanku bai yar da shi a hanya ba."

Ziyarar Masallacin Annabi ba zan iya kwatanta muku ita ba, ba kuma zan gwada ba. Na dai ga Baba ya fito ta ƙofar maza yana share fuska da hannun riga, muka zauna a farfajiya har inuwa ta juya.

Abin da ya dame shi shi ne Ummi. Yarinya ce 'yar shekara tara ko kusa, mai idon Inna sak. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ni ta ce mini Ammati, shi ta ce masa Sidi. Baba ya yi mata wasan kaka da jika, "Amaryata, zo mu gaisa, ko kin yi sabon miji ne?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "La, ya Sidi," ta shige bayan uwarta. Ya ba ta sauran zumar da ta tsira, ta ɗanɗana ta ce shukran, ta ajiye. Wata rana bayan la'asar na same shi zaune shi kaɗai a falo, ya ce mini, "Na tsallako teku don yarinyar nan, ga ta ga ni, amma kamar har yanzu a waya nake ganinta."

Ranar wata Juma'a 'yan Najeriya ma'aikata suka yi taron cin abinci a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari, da fili da bishiyoyin dabino, ɓangaren maza daban na mata daban. Likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a. Ni ina kicin ina yanka albasa, tagar kuwa tana kallon filin maza, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Akwai wani Dakta Garba, likitan ƙoda, mutumin jiharmu, mai sanƙo da tumbi. Shi ke hura gawayin gashi. Ya ɗauko ashana zai kyasta, sai ya tsaya ya yi dariya, ya fara rerawa a hankali, "Kar ka kyasta, kar ka kyasta." Wani injiniya daga can gefe ya amsa masa. Kafin ka ce me, manyan mutane masu furfura sun kewaye murhu suna tafi. Waɗanda ba 'yan jiharmu ba suna tambaya, ana ba su labari, kowa na katse kowa. Yaya ya sunkuyar da kai yana danna waya. Baba yana kan kujera yana jan carbi kamar bai san da wace bushiya ake ba.

Sai gardama ta tashi kan wane ne a cikin rigar. Wani ya ce mace ce. Wani ya rantse wani ɗan wasa ne aka ɗauko daga Jos. Dakta Garba ya ce, "Ko ma wane ne, ba shi da ƙafa mai ƙwari. A makarantarmu, a gabana, ya faɗo daga bayan mota ya gangara har gindin tuta. Hedimasta ma sai da ya yi dariya."

Carbin Baba ya tsaya.

"Ba faɗowa na yi ba," in ji shi da ƙarfi. "Direba ne ya ja mota ban gama sauka ba!"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Yaya ya rufe fuska da tafin hannu. Dakta Garba ya saki ashana, ya zo ya durƙusa a gaban Baba da tumbinsa da komai.

"Baba, kai ne? Don Allah kai ne Malam Bushi?"

Baba ya ga ba mafita. Ya ce, "Aikin gwamnati ne. An sa ni ne."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wannan ya kama hannunsa, wancan ya ce a ɗauke su hoto, wani ya kira ƙaninsa a waya har Kanada wai ya gaisa da Malam Bushi. Mata muka cika taga. Dakta Garba, idonsa ya yi ja, ya ce, "Wallahi Baba, har yau in na kyasta ashana sai na waiga. Ranar da motarku za ta zo ko zazzaɓi nake sai na je makaranta."

Na ɗauka Baba zai ji daɗi. Ya ɗan yi murmushi, sannan fuskarsa ta sauya.

"To ai ku da kuka ji waƙar duk kun taho nan," ya ce. "Masu ashanar ne suka zauna. Dajin da na yi wa tsalle, ku je ku gani. Wuta ta ci nata, masu gawayi sun ci nasu, abin da ya rage mutum ba ya shiga sai da tsoro. Ko gafiyar ma ta yi ƙaura."

Dakta Garba ya koma wajen murhu. Aka ci nama, amma Baba ɗan kaɗan ya taɓa.

Ashe Ummi tana gefena a taga, ta ji komai. A mota muna komawa ta yi ta yi wa ubanta raɗa. Yaya ya ce, "Baba, wai tambaya take, da gaske kai ne gunfuz? Bushiya ke nan. Ta ce akwai guda a hadiƙa, gidan namun daji, malamarsu ta taɓa kai su. Tana so ta kai ka ku gaisa da ɗan'uwanka."

"Gidan zu?" in ji Baba. "Ni? Na ƙare ƙuruciyata ina tsare wa dabba gidanta, sannan in je kallon ta a kurkuku? Ba da ni ba."

Na ce, "Baba, kai ma ka ce a keji kake a gidan Yaya, ga shi har ka yi kumatu."

Ya harare ni. Ummi ta juya tana kallon titi.

Bakur ne ya karya shi washegari, da ya zo shan shayi. Ya ce, "Ya Ammi, ka ji hikayata. Jaddi, kakana, yana ba mu labarin daji muna yara. Ya ce kura, ya ce barewa, ya ce jimina. Mu a Harra muka tashi, dutse ne da kyanwa. Muna zaton irin su dodo ne, abin tsorata awlad, yara ke nan. Da na girma na kai yarana hadiƙa, na ga wani tsuntsu mai dogon wuya, an rubuta na'ama. Sai wani tsoho a gefena ya ce wa matarsa, ke, ga jimina. Wallahi, ya Ammi, a nan na tsaya ina kuka kamar yaro. Ashe jaddi ba ƙarya yake mana ba."

Baba ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "Zan je. Amma don amaryata, ba don kurkukun ba."

Wurin ba babba ba ne, a gefen gari yake. Muka je da yamma rana ta yi sanyi, ni da Baba da Yaya da Ummi da Bakur. Baba ya sa babbar rigarsa da ta dawo daga wanki, ya shiga yana taku kamar mai duba aiki. Keji na farko akuya ce. Akuya dai irin wadda kuka sani.

"Rabi, zo ki gani!" ya ce. "Da na sani da na taho da tawa, a ba ta ɗaki da mai shara."

Na gaba raƙumi, a ƙasar raƙuma. Wannan ma ya sha magana. Jiminar Bakur kuwa, ina tsaye ina gyara mayafi ta miƙo wuya ta saman waya ta cafke 'yar allurar da ke sheƙi a kafaɗata. Na yi baya na taka ƙafar wani Balarabe, na ba shi haƙuri da Hausa, ya amsa da Larabci, muka rabu lafiya. Baba ya ce dabbobin ƙasar nan duk sun gane ni.

Ummi ta ja hannunsa, karo na farko da ta taɓa shi da kanta, ta kai shi wani ɗan akwatin gilashi. A ciki akwai yashi da guntun bututun ƙasa. Bushiyar tana cikin bututun, ba abin da ake gani sai 'yan ƙayoyin bayanta. Ummi ta ƙwanƙwasa gilashi, ta kira, ta jira. Ko motsi. Ta juyo ta kalli Baba.

"Nayim, ya Sidi," ta ce. Wai barci take.

"Haka suke, sai dare suke fita," in ji Baba. "Ba ki taɓa ganin yadda take yi ba?"

Ta girgiza kai, hawaye ya taru.

Baba ya duba hagu, ya duba dama. Ya miƙo mini sandarsa da hularsa. Ya kamo bayan babbar riga ya rufa a ka, ya ɗan tsuguna, ya yi taku uku gajeru yana shinshina iska, ya yi wani ɗan tsalle, sannan ya dunƙule a ƙasa gaba ɗaya. Jama'a, shi ne. Shekara nawa, amma shi ne sak, har da yadda yake leƙo da hanci ya mayar. Ni da Yaya muka kalli juna, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ummi ta fashe da dariya tana tsalle. "Kaman, ya Sidi, kaman!"

Daga cikin riga muka ji murya, "Ba na jin Larabci. Bushiyar Hausa ce."

Ta kalli ubanta, sannan ta ce, "Kaka, sake!"

Bai sake ba, domin gwiwa ta ƙi. Yaya ya kama hannu ɗaya, Bakur ya kama ɗaya, suka ɗaga shi yana salati. Iyalan Larabawa da suka taru suna ta tafi, wasu da waya a sama. Ta nan ne hoton ya zaga har ya riga mu isowa gida. Wannan ita ce rawar da kuke tambaya. Shi ya ce darasi ne.

Muna hanyar fita, Ummi riƙe da hannunsa tana nuna masa abubuwa yana faɗa mata sunansu, sai ya tsaya cak. Wani fili ne mai ɗan faɗi da aka kewaye da waya, da 'yar rumfa. A ciki barewa ce, da ɗanta yana bin ta a baya da siraran ƙafafu. Baba ya matsa ya kama wayar da hannu biyu. Barewar ta ɗago kai ta dube shi, tana kaɗa 'yar wutsiya.

Muka jira. Bakur ya ja Yaya gefe. Ni na tsaya kusa da shi.

"Ta ƙarshe da na gani a dajinmu," ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "gudu take, wuta na bin ta. Ke kina goye lokacin. Na ɗauka na gama ganinsu ke nan sai a lahira, in akwai su a can."

Ummi ta ɗaga kai tana kallonsa. Ya dafa kanta ya ce, "Wannan ita ce barewa. Da muna da su kamar awaki."

"Ina suka je, Kaka?"

Ya mayar da hannunsa kan wayar. Sai da mai gadi ya fara kaɗa ƙararrawar tashi sannan ya saki wayar. A mota na tsokane shi, na ce to yaya kurkuku? Ya ce, "Kurkuku ne mana. Filin ya yi mata kaɗan, kuma kwanon ruwanta a rana yake, Auwalu ka gaya musu." Can ya ƙara da cewa, "Amma ba wanda zai cinna mata wuta."

Kafin mu bar Madina sai da ya sa aka sake kai shi gidan namun dajin, shi da Ummi. Daga nan muka ɗauki harami muka yi Umra, muka kamo hanyar gida. Ummi ta yi kuka a filin jirgi, Baba ya ce mata in ta ƙara kuka zai yi mata kishiya, ta ce masa da Hausa, "Ba ka isa ba." Wannan kam uwarta ce ta koya mata.

Da muka iso gida zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa. Baba ya raba dabino da zamzam, ya ba da labarin Masallaci da Uhudu da Ƙuba yadda ya kamata, ana ta cewa Allah Ya maimaita. Da jama'a suka ragu sai ga Malam Idi, jikarsa ta jawo shi da sanda. Tare suka yi aikin gandun daji da Baba, yanzu idonsa ya tafi, sai dai ya gane mutum da murya. Na kawo musu ruwa, na ji Baba ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Idi, na ga barewa."

Malam Idi ya ajiye kofin da ke hannunsa. "A hoto?"

"Da idona. Kamar daga nan zuwa bakin ƙofa."

"Mai rai?"

"Mai rai. Har da ɗanta."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen ƙofa kamar zai hango ta. Sannan ya laluba ya kamo hannun Baba ya riƙe.

"To kar ka yi sauri," ya ce. "Fara mini daga kunnuwa."